Yadda za ka gane "pick up" ba sai ka buɗe ƙamus ba

Mu da muka yi karatu da Faransanci a nan Ngaundere ta ƙasar Kamaru abun da ke ba mu ciwon kai a Ingilishi shi ne ƙananan kalmomi biyu su haɗu su haifi ma'ana biyar ko shida, kuma "pick up" ce uwarsu. A Faransanci kowane aiki da kalmarsa, ramasser (ɗaukar abu daga ƙasa) daban décrocher (ɗaga waya) daban, amma 'yan Bamenda masu Ingilishi da abokan cinikinmu na Yola duk da wannan ɗayar suke kashe magana.

Dabarar kawai ka dubi abun da ya biyo bayanta. In kaya ne a ƙasa to ɗauka ne, wannan ba gardama. In waya ce ɗagawa ne, "pick up the phone", ko da yake 'yan Najeriya sau da yawa yar da "up" ɗin suke su ce "pick my call", za ka ji su dai amma kar ka rubuta haka a jarrabawar BEPC malami zai ja maka jan biro.

In mutum ne kuma nan ake yin ta. Wani baƙona ya shigo jirgin ƙasan dare daga Yawunde ya turo saƙo a WhatsApp wai "pick me up at the station", na ba ƙanena ya karanta min ya ce yaya ai kaya ne ya aiko a je a karɓa, wallahi yaron nan har amalanke ya yi haya ya tafi tasha da sassafe, sai ga mutum tsaye da 'yar jakarsa a kafaɗa yana jiran babur! Nufinsa zo ka ɗauke ni. To amma in ka ji an ce jandarmomi "picked him up" ba rage masa hanya suka yi ba fa, kamu ne.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta harshe. Mutum ya zauna kasuwa shekara biyu Fulatanci ya shige bakinsa ba allo ba malami, sai a ce "he picked up Fulfulde", kamar tsintarsa ya yi a hanya, kuma ai haka yawancinmu muka same shi. In kuwa ba komai bayanta, misali "business is picking up", kasuwa ce ta fara motsi, irin na jajiberin sallah.

Sai ka kula da inda kake sa kalmomin "it" da "me" da "him", tsakiyar "pick" da "up" suke shiga. "Pick it up" ake cewa, "pick up it" kuwa ko ɗan firamare na Bamenda sai ya yi maka dariya, ni an yi min har sau biyu kafin ta zauna.