Yadda ake saƙa safa mai zanen raƙumin dawa

Da zarar Disamba ta kama, sanyin asuba a Maradi ƙafa yake fara ci. Idan za ki saƙa safa da hannunki, ki ɗauko mata zane daga ƙasarmu. Ni na fi son dabbare-dabbaren raƙumin dawa, irin guda 8 ɗin nan da aka kwaso daga Kure, kusa da Yamai, aka kai gandun dajin Gadabeji, wajen Dakoro, a 2018.

Ki tanadi siririn zaren ulu kala biyu, ɗaya ruwan madara, ɗaya ja mai duhu irin na jar akuyar Maradi. Sai tsinkayen saƙa 5 masu tsini biyu, kaurin milimita 2 da rabi.

Kafin ki taɓa zare, ki yage takarda mai gida-gida daga littafin 'yan makaranta, ki ware gida 8 a tsaye, 8 a kwance, ki zana tabon ja da farin layi kewaye da shi. Kada ki daidaita shi tsaf, domin tabon raƙumin dawa ba ya da kusurwa iri ɗaya. Amma faɗinsa kada ya wuce gida 5.

Ki ɗora zarge 64, wato madaukan zaren da ke hawa kan tsinke, da farin zare, ki raba su 16-16 a tsinke huɗu, na biyar shi ne na aiki. Bakin safar ki yi masa biyu gaba, biyu baya, har ya kai santimita 4. Daga nan sai jan zare ya shigo, kowane gida a takarda zarge ɗaya ne, zanen zai maimaitu sau 8 a zagaye.

A nan ne aikin yake. Zaren da ba ki saƙa da shi yana bi ta ciki, kuma idan kika ja shi da ƙarfi safar za ta yi kyau a ido amma ta ƙi wuce diddige. Duk lokacin da za ki canza kala, ki baje zargen da ke kan tsinken dama da yatsa tukuna. Ja ya riƙa bi ta ƙasa, fari ta sama, kada ki sauya musu wuri, in ba haka ba za su cukurkuɗe kuma tabon ya dushe. Bayan santimita 5, ki zura ƙafa ki gwada. In ta matse, ki warware tun da wuri.

Zanen ya tsaya a idon sawu. Diddige da kala ɗaya ake yinsa, a kan zarge 32, sannan ki kwashi gefensa, ki riƙa ragewa har ki koma 64. Idan kin kai gindin yatsu, ki rage 4 a zagaye ɗaya, ki tsallake na gaba, har saura 16, ki rufe da allura.

Ta biyun ki fara ta a ranar, hannunki bai canza ba. Wanki kuwa da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.