Darasi na Tara: Furen Miyosotis, Sauyin Launinsa da Renonsa a Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa shiga gonar auduga da safe ya san cewa furenta yana buɗewa ne fari mai ɗan ruwan ƙwai, amma idan ya koma washegari sai ya tarar furen nan ya yi ja-ja, daga nan kuma ya yanƙwane ya faɗi. Manomi ba ya ɗaga hankalinsa a kan wannan, domin ya san ba ciwo ne ya kama audugar ba, kwanakin furen ne suke tafiya. Darasinmu na yau a kan wani ƙaramin fure ne baƙo wanda yake da irin wannan hali, sai dai shi daga ruwan hoda yake farawa ya ƙare a shuɗi.

Wane fure ne wannan?

Masana tsirrai suna kiransa Myosotis, mu kuma a wannan littafi za mu riƙa rubuta shi Miyosotis domin sauƙin karatu. Kalmar daga harshen Girka take, ma'anarta kunnen ɓera, saboda ganyensa ƙarami ne mai laushi da ɗan gashi-gashi. Masanin nan na ƙasar Siwidin, Karl Liniyas, shi ne ya tabbatar masa da wannan suna a shekarar 1753. A jikin takardar iri da ake sayarwa kuwa za ku ga an rubuta Forget-me-not, wato “kada ka manta da ni”, sunan da Turawan Ingila suka aro daga Jamusawa. Furen ƙasashen sanyi ne, ana samunsa a Turai da arewacin Asiya da arewacin Amurka da kuma Niyu Zilan, har ma yankin Alaska ya ɗauki wani nau'insa a matsayin furen da yake alamta shi tun 1917.

Tsiron gajere ne, da wuya ya wuce santimita 30. Kowane fure yana da kunnuwa biyar da ɗan zobe mai ruwan ɗorawa a tsakiya, wanda za mu kira ido, kuma faɗinsa gaba ɗaya bai fi farcen ƙaramin yatsa ba. Abin da ya kamata ku lura da shi sosai shi ne sandar da furannin suke fitowa a jikinta. Tana fara fitowa ne a naɗe kamar wutsiyar kunama, sannan ta riƙa warwarewa a hankali, furannin ƙasa su riga buɗewa, na can ƙarshen wutsiyar su biyo baya. Saboda haka idan kuka bi sandar da ido daga sama zuwa ƙasa, tamkar kuna kallon 'yan gida ɗaya ne a jere daga auta zuwa babban wa: na sama ruwan hoda, na tsakiya sun fara sirkawa, na ƙasa shuɗi irin na sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Akwai ma wani nau'i mai suna Myosotis discolor wanda yake buɗewa da ruwan ɗorawa ko fari-fari, ya ratsa ta ruwan hoda, kafin ya kai ga shuɗi.

Me yake sauya launin?

Amsar wannan tambaya tana cikin madafin kowace uwargida a Kano, domin sinadarin da yake ba wa furen nan launi ɗan'uwan wanda yake sa zoɓo ya yi ja ne. Sunan wannan dangin sinadari antosayanin. Halinsa shi ne ba ya tsayawa a launi ɗaya, yana bin yanayin ruwan da ya samu kansa a ciki: idan ruwan mai tsami ne sai ya yi ja ko ruwan hoda, idan kuma tsamin ya ragu sai ya karkata zuwa shunayya da shuɗi.

Ku gwada da hannunku, domin gani ya kori ji. A jiƙa soɓorodo a ruwan zafi a tace, kada a sa sukari ko kayan ƙamshi, sannan a raba ruwan a kofunan gilashi guda uku. Na farko a bar shi yadda yake. A matse rabin lemun tsami a na biyu, za ku ga jansa ya ƙara haske da kyau. A na uku kuma a riƙa ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan ana motsawa, za ku ga jan ya fara mutuwa, ya yi duhu ya koma shunayya-shunayya, idan aka ƙara kanwar kuma ya zama baƙi-baƙi mai ɗan kore. Ba a zuba wani rini ba, kuma ba a cire komai ba, abin da ya sauya kawai shi ne tsamin ruwan. Masana suna auna wannan da ma'auni mai lamba daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsakiya. Abin da yake ƙasa da 7 mai tsami ne, kamar lemun tsami da tsamiya, abin da ya haura 7 kuma ɓangaren kanwa da toka yake.

To, kunnen fure cike yake da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin bincike, kuma kowane ɗaki yana da ruwansa. Lokacin da furen Miyosotis yake toho, ruwan ɗakunan nan yana da tsami, shi ya sa tohon yake ruwan hoda. Da ya buɗe ya fara girma sai tsamin ya ragu, launin ya juye zuwa shuɗi. Furen ne da kansa yake yin abin da kuka yi wa kofi na uku, a hankali kuma cikin awon da ba ya wuce gona da iri.

A nan mai yiwuwa wani ɗalibi ya tuna da marinar Ƙofar Mata, inda ake tsamo zane daga karofi yana kore-kore, ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Kama da wane ba wane ba ne. Shuɗin baba iska ce take fito da shi, na furen nan kuwa daga raguwar tsami yake zuwa, don haka kada a haɗa su a lissafi ɗaya.

Akwai sauyi na biyu wanda sai mai natsuwa yake gani, shi ne na idon furen. Muddin furen sabo ne kuma yana da ruwan zaƙi, idon nan yana nan da ruwan ɗorawa mai haske, wanda yake janyo ƙudan zuma da sauran ƙwari masu kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Idan furen ya gama aikinsa ya fara ɗaukar 'ya'ya, sai idon ya koɗe ya zama fari. Ƙwarin suna gane wannan alama, su wuce mai farin ido su sauka a kan mai ruwan ɗorawa, amma tsohon furen yana nan da shuɗinsa yana ƙara wa sandar kwarjini domin a hango ta daga nesa. A ganina wannan shi ne mafi ban sha'awa a lamarin furen nan, domin tsiro ne da ba shi da baki amma yana sanar da baƙonsa ƙofar da zai shiga.

Dole a yi gargaɗi a nan. Kada wanda ya ga gwajin zoɓo ya je ya zuba ruwan kanwa ko toka a tukunyar furensa da niyyar ƙara masa shuɗi, ko ya matsa lemun tsami domin ya dawo da ruwan hoda. Tsamin da muke magana a kansa na cikin kunnen furen ne, tsiron ne yake sarrafa shi, ba ƙasar da aka shuka shi ba, kuma kanwa ƙone saiwa take yi. Haka nan akwai nau'o'in da masu samar da iri suka zaɓa domin su tsaya a fari ko a ruwan hoda har su bushe, saboda haka a duba hoton da yake jikin takardar irin kafin a saya.

Renonsa a Kano

Gaskiyar da ya kamata a faɗa tun farko ita ce wannan fure ba ɗan ƙasarmu ba ne, kuma zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi yake kusantar 40 a watan Afrilu, yana kashe shi. Damar da muke da ita hunturu ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare yake yin sanyi. A ƙasarsa ta asali yawancin nau'o'insa suna yin ganye ne a shekarar farko, su sha sanyi mai tsanani, sannan su yi fure a shekara ta biyu. Sanyinmu bai kai wannan ba, don haka mutum yana iya renon irin wannan ya samu ganye kore shar amma ko toho ɗaya bai gani ba. Sai a nemi nau'in da aka rubuta cewa yana fure a shekararsa ta farko ba tare da jiran sanyi ba. Idan ba a samu ba, akwai ɗan'uwansa na ƙasar Sin mai suna Cynoglossum amabile, wanda ya fi shi tsayi da jure zafi, kuma yana yin shuɗin fure a cikin 'yan watanni daga shuka, ko da yake ba shi da idon nan mai ruwan ɗorawa. Ana iya tambayar masu sayar da furanni na bakin titi, a nuna musu sunan a rubuce, domin da sunan takarda suka fi sanin kayansu.

A shuka shi a tukunyar ƙasa ko kasko mai zurfi, ba a gwangwani ko baƙar roba ba, saboda tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa kamar yadda randa take sanyaya ruwa. A huda gindinta, a sa 'yan katanga ko tsakuwa a kan hudar domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. A haɗa ƙasa mai kyau kashi biyu, takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sarai kashi ɗaya, da yashi kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana da zafi, kuma saiwar wannan tsiro ba ta da ƙwari.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ne lokacin shuka. Irin ƙanana ne, baƙaƙe masu sheƙi, don haka a fara jiƙa ƙasar, a barbaɗa su sama-sama, a rufe da ƙasa mai laushi wadda kaurinta bai fi na ƙwayar dawa ba. Idan aka binne su da zurfi ba za su fito ba. A riƙa yayyafa ruwa da hannu ko da gwangwanin da aka yi wa ƙananan huji, kada a kwarara da buta. Suna tsirowa tsakanin mako ɗaya zuwa uku. Idan sun yi ganye huɗu sai a rage su ko a dasa wasu a wata tukunyar da yamma, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20.

Wurin ajiye tukunyar shi ne rabin aikin. A nemi gefen tsakar gida inda hantsi yake taɓawa amma inuwa take rufewa tun kafin azahar, kamar gindin darbejiya ko mangwaro, kuma a kauce wa jikin bangon siminti da yake wuni yana shan rana, domin da dare ma yana fitar da zafi. Iskar hunturu busasshiya ce, tana shanye ruwan tukunya da sauri, saboda haka a riƙa tura yatsa cikin ƙasar kullum da safe. Idan an ji ta da danshi a bar ta, idan ta fara bushewa a ba ta ruwa a gindi, ba a kan ganye ba. Shimfiɗa buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a saman ƙasar yana rage ƙishirwa, wanda taimako ne babba ga gidan da yake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Ruwan wanki mai omo ko sabulu kuwa kada ya kusanci tukunyar.

Matsalolinsa ba su da yawa. Idan aka ga farin abu kamar an barbaɗa gari a kan ganye, cuta ce da cunkoso da ƙishirwar saiwa suke ƙarfafawa, sai a cire ganyen da ya kamu a ba tsiron sarari. Darɓa kuma a wanke ta da ruwa ko da jiƙon ganyen darbejiya. A ɗaga tukunyar daga inda kaji da awaki za su kai, ba don furen kaɗai ba, har don dabbar ma, domin tsirran wannan dangi suna da sinadarin da yake cutar da hanta idan aka ci da yawa. Na ado ne, ba na miya ko magani ba.

Idan zafi ya fara shigowa a watan Maris tsiron zai yi rawaya ya kwanta, kuma babu amfanin wahalar da kai wajen ceto shi. A bar sandunan su bushe, a yanke su a karkaɗe a kan faranti, a zuba irin a ambulan na takarda, a rubuta sunansa da watan da aka tara shi, a ajiye a wuri mai sanyi marar laima har Oktoba. Irin na ƙasar Sin yana maƙalewa a tufa kamar ƙarangiya, don haka a naɗe hannun riga kafin a taɓa shi.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya yi gwajin kofuna uku a gida, ya rubuta jimla ɗaya a kan launin kowane kofi, ya zo da ita aji mai zuwa. Wanda ya samu shuka furen kuma, ya ɗaura zare a sanda ɗaya tak, ya buɗe shafi a littafinsa, kullum da safe ya rubuta kwanan wata da adadin furannin da suke ruwan hoda, da waɗanda suka zama shuɗi, da waɗanda idonsu ya koma fari, har tsawon kwana 10. Wanda bai samu irin ba, ya yi irin wannan lissafi na sauyin launi da furen auduga idan lokacinsa ya zo.