Yadda na raba man giyar tsohuwar tarakta da ruwa

Bayan ruwan watan Agusta, ƙaramar taraktar da muke aikin lambu da ita a Rigasa ta fara ƙugi, giya kuma sai da ƙarfi take shiga. Da na zaro sandar awon mai, sai na ga man ya yi fari kamar kunun gyaɗa. Na ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi, ya yi ta fashe-fashe. Ruwa ne.

Na bar ta kwana biyu a tsaye domin ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya. Sannan na sassauta notin ƙasa da ake juye mai ta nan, ruwan ya fara fita. Na ɗaure, na tayar da ita ta yi ɗumi, na juye man duka.

Wani bakanike ya ce in wanke cikin da gas. Ban yarda ba, man nan shi ne ke ɗaga garma, kuma gas ba shi da kaurin da famfon da ke tura man yake buƙata. Man giya mai arha na zuba, na zagaya da ita, na sake juyewa, har ya fito garau. Daga nan sai sabuwar filta da man kirki.

Robar gindin sandar giya ce ta tsage, ta nan ruwan sama ke shiga. Na samo wata a kasuwar Panteka, yanzu kuma a rumfa taraktar take kwana.