Darasi na Tara: Yadda Ake Shirya Ƙetare Hamada da Mota

A wannan darasi za mu leƙa ƙasar Ostireliya mu ga yadda direba yake shirya tafiya a hamada. Za mu yi karatu, mu kuma yi lissafi, don haka kowa ya ajiye fensir da takarda kusa.

Yawancin mutanen Ostireliya a bakin teku suke zaune. Tsakiyar ƙasar kuwa fili ne fetal, sai jan rairayi da ƙaya da ƙudaje. A can akwai hamadar da ake kira Simpson, wadda mutanen asalin wurin suke kira Munga-Thirri. Tuddan yashinta sun haura 1,100, sun jeru kamar kunyoyin gona, kowanne ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Mai son ƙetarawa ba shi da hanyar kewaye su. Ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, har ya ƙirga dubu da ɗoriya. A 1936 wani mai suna Ted Colson ya ƙetare ta a kan raƙumi. Mota ba ta ƙetare ba sai a 1962, lokacin da Reg Sprigg da iyalinsa suka ratsa a cikin Nissan Patrol.

Motar da ake shiga da ita ita ce wadda tayoyinta huɗu duk suke ja, irin su Land Cruiser da Hilux. 'Yan Nijar suna ce mata kat-kat, kuma duk direban da ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku zai gane rabin abin da za mu faɗa tun kafin mu faɗa.

Lokaci da takardar izini

Abu na farko shi ne wata. Ostireliya tana kudancin duniya, saboda haka yanayinta a juye yake da namu: lokacin da muke hunturu su suna tsakiyar zafi. A garin Oodnadatta, kusa da wannan hamada, an taɓa auna zafi digiri 50.7 a watan Janairun 1960. Shi ya sa hukuma take rufe hamadar daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Masu hankali suna tafiya tsakanin Mayu da Satumba. Rana da sauƙi a lokacin, amma dare sai da bargo mai kauri, don ruwa yakan daskare a kofi.

Sai izini. Ɓangaren hamadar da yake jihar Kudancin Ostireliya gandun gwamnati ne, ana sayen takardar shiga kafin a tashi. Wasu hanyoyin kuma suna ratsa ƙasar mutanen asali, sai an nemi yardarsu a rubuce.

Karanta taswira

Hanyar da aka fi bi ana kiranta Layin Faransa, domin wani kamfanin Faransa mai neman man fetur ne ya share ta a shekarun 1960. Daga zangon Mount Dare a yamma zuwa garin Birdsville a gabas kilomita 500 ne da 'yan kai. A duk tsawon nan babu gidan mai, babu shago, babu bakanike, kuma wayar hannu ba ta kamawa.

Wanda bai saba ba yana buɗe taswira ya duba nisan tafiyar gaba ɗaya. Direban hamada kuwa abin da yake nema shi ne tazarar da ke tsakanin gidan mai na ƙarshe da na gaba, sai ya sa fensir ya zagaye su biyun. Kan wannan tazara ake gina duk sauran lissafi.

Akwai kuma batun ta ina za a faro. Iska ta sassaƙa tuddan yadda gefen yamma ya kwanta, gefen gabas kuma ya fi tsayuwa. Mai tasowa daga yamma yana hawa ta gefe mai sauƙi, ya gangara ta mai tsauri, don haka motarsa ba ta shan wuya sosai. Baƙo ya fi kyau ya bi haka.

Lissafin mai

A nan ne mutane suke yaudarar kansu. Kilomita 500 a kan kwalta tafiyar wuni guda ce. A cikin yashi kwana uku ne ko huɗu, domin sau da yawa ba a wuce gudun kilomita 20 a awa, ga injin yana ta gurnani a ƙaramar giya, yana zuƙar mai kamar raƙumin da ya kwana goma bai ga rijiya ba.

Mu ɗauki misali. A ce motar Malam Audu tana shan lita 12 a kowace kilomita 100 a kwalta, a yashi kuma lita 20. Kilomita 500 ɗari biyar ke nan, wato ɗari sau 5. Lita 20 sau 5 ya ba mu lita 100.

Malam Audu bai gama ba. Wani tudun sai an gwada shi sau uku kafin a haye, kowane gwaji da man da yake ci. Kusa da Birdsville akwai rafin Eyre, wanda yakan cika idan an yi ruwa a arewa, sai an yi dogon kewaye ko a juya baya ɗungurungum. Saboda haka ya ƙara rabin abin da ya lissafa: 100 da 50, lita 150. Tankinsa lita 80 yake ci. A cire 80 daga 150, saura 70. Jarka ɗaya lita 20 ce, jarka uku ba su kai ba, sai huɗu.

Lambobin nan na misali ne. Kowace mota da cikinta, kuma mai ita ne ya kamata ya auna tasa tun a gida.

Lissafin ruwa

Su uku ne a motar. A ba kowa lita 6 a rana, sha da girki da alwala. Mutum 3 sau lita 6, lita 18 a rana. Kwana 4, lita 72. A ƙara na kwana 3 saboda tsautsayi, lita 54. Jimla lita 126.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ruwan nan kaɗai ya fi buhu biyu na shinkafa mai kilo 50 nauyi, ban da mai, da safaya biyu, da abinci, da mutanen kansu. Mota mai nauyi ita ce take nutsewa a yashi, ita ce kuma sifirin ɗinta yake karyewa a hanya mai gargada. Idan dole a rage kaya, a ajiye kujeru da tarkace, kada a taɓa ruwa. A kuma raba shi a jarkoki da yawa. Tanki guda in ya huje da dare, sai dai a wayi gari a ga ƙasa a jiƙe.

Iskar taya da tuta

Da an bar tsandauri an shiga yashi, sai a tsaya a sassauta tayoyi. Tayar da take ɗauke da awo 35 ko 40 a kwalta akan sauke ta zuwa 18 ko 20. Ka durƙusa ka danna bakin bawul, iska tana fita da shiii, ka ga tayar tana baje ƙafa a ƙasa kamar tafin raƙumi. Faɗin nan shi ne yake hana ta nutsewa. Amma sai da geji na aunawa da injin busa taya, don idan aka koma kan duwatsu dole a mayar da iskar. Shebur ma kada a manta da shi.

Dokar wurin ta ce kowace mota ta ɗaura tuta mai ƙyalli a dogon sanda, ta kai mita 3.5 daga ƙasa idan a gaban mota aka kafa ta. Dalili kuwa, mai hawa tudu ba ya ganin wanda yake hawowa ta ɗaya gefen, kuma hanyar ɗaya ce. Tutar ce take fara leƙowa. Ana kuma barin rediyon oba-oba a tasha ta 10, direba yana sanar da inda yake kafin ya hau.

Idan mota ta kafe

Kafin a tashi, a rubuta wa wani amintacce hanyar da za a bi, da zangon kowane dare, da ranar da in bai ji kira ba zai sanar da 'yan sanda. A riƙe wayar tauraron ɗan'adam, irin wadda direbobin Sahara suka sani da Turaya, da ƙaramar na'urar da ake dannawa ta aika wa masu ceto inda mutum yake. Ƙasar tana da likitoci masu zuwa da jirgin sama, aikin da John Flynn ya kafa a 1928, amma sai sun san inda za su nufa. Motoci biyu ko uku a tare sun fi guda.

A watan Disambar 1998 wasu baƙi biyu daga Ostiriya ta Turai, mace da namiji, motarsu ta kafe a yashi a bakin tafkin Eyre. Suka bar ta suka kama tafiya a ƙasa. Namijin ya juya ya koma wurin motar, ya tsira. Macen ta ci gaba, zafi ya kashe ta a hanya. Akwai ruwa mai yawa a cikin motar, kuma da masu ceto suka zo, iskar tayoyin suka rage suka ɗan yi haƙa, ta fito. Mota tana ba da inuwa, kuma daga sama an fi hango ta a kan mutum mai tafiya shi kaɗai.

Aikin gida

Akwai wata hanya a Yammacin Ostireliya mai suna Canning, tsawonta kusan kilomita 1,850, da rijiyoyi 51 da aka haƙa domin shanu tsakanin 1908 da 1910, ko da yake da yawansu sun rushe. Daga garin Wiluna zuwa ƙauyen Kunawarritji, inda ake sayar da mai, kusan kilomita 1,000 ne. Lita nawa motar Malam Audu za ta buƙata idan an haɗa da rabin nan na ƙari, kuma jarka nawa ke nan bayan an cika tanki? In kun samu amsa, ku tattauna a aji ko mota ɗaya za ta iya ɗaukar wannan lodi tare da ruwan mutum uku.