Yadda ɗalibin sakandare zai samu wurin koyon aiki a dogon hutu

1. Zaɓi sana'a ɗaya tak: gyaran waya, ɗinki, walda ko aikin kwamfuta. Ka duba wadda ke kusa da gida, don kuɗin adaidaita sahu ne ke fara karya ɗan talaka.

2. Kada ka je kai kaɗai. Baba, kawu ko malamin ajinku ya raka ka. A Kano, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ba zai miƙa wa yaron da bai san gidansu ba wayar mutane, kuma da gaskiyarsa.

3. Bayan gaisuwa, ka yi bayani a taƙaice: "Yallaɓai, ina aji biyar, ina so in koyi aiki daga Agusta zuwa komawa makaranta." A yi maganar lokacin zuwa da abincin rana tun ranar.

4. Riga maigida zuwa. Makon farko shara ce da aike, kada ka ɓata rai. Riƙe ɗan littafi kana rubuta sunan kowane kayan aiki.

5. Ranar sallama, roƙi takardar shaida mai sa hannu da lambar wayar maigida, ka ajiye tare da sakamakon jarrabawarka.