Yadda na gyara matsalar tura ma'auni zuwa Cloud Monitoring

Alhamdu lillahi, an samu kanta. Muna da ƙananan kwamfutoci biyu, ɗaya a shagonmu na Samaru, ɗaya a Sabon Gari, suna tura ƙarfin batirin sola zuwa Google Cloud Monitoring, wato manhajar Google mai tattara ma'auni da sa ido a kansu, ta laburaren Python mai suna google-cloud-monitoring. Sai create_time_series, wato umarnin da ke tura ma'aunin, ya riƙa dawo da kuskure 400, wai ana rubuta bayani kusa da kusa fiye da kima.

Da fari na zargi intanet, ka san halinta da damina. Ba ita ba ce. Izini ma lafiya lau, roles/monitoring.metricWriter, wato izinin rubuta ma'auni, na nan.

Ashe duka biyun "global" suke sawa a resource.type, wato wurin da ake faɗin irin abin da awon ya fito daga gare shi, da lakabi iri ɗaya, shi ya sa ake ɗaukarsu layin bayani guda. Layi guda kuwa ba ya karɓar fiye da awo ɗaya cikin daƙiƙa 5.

Na mayar da resource.type zuwa generic_node, wanda ke ba kowace kwamfuta damar samun sunanta, na cika project_id, location na sa europe-west1, namespace na sa sola, node_id kuma kowace da nata: samaru da sabongari. Tazarar turawa na kai ta daƙiƙa 60, don batiri ba ya buƙatar gaggawa. Na sake kunna su, Metrics Explorer, shafin da ake kallon ma'aunan, ya nuna layi biyu. Godiya ga abokin aikina da ya taya ni dubawa.