Yadda ake neman ƙaramin tallafi don kare bakin kogi

Kafin a rubuta ko da layi ɗaya, a zaɓi wuri. Ƙungiyoyi da yawa a Marwa da Kusiri, a arewacin Kamaru, kan buɗe takardar neman tallafi da labarin Tafkin Chadi, cewa a 1963 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, kuma kogunan Shari da Logon ne ke kawo masa kusan duk ruwansa. Gaskiya ne, amma masu ba da kuɗin sun daɗe da sanin haka, kuma akwai hukumar tafkin da ƙasashe suka kafa tun 1964 a Njamena. Abin da ƙaramin tallafi zai iya ɗauka shi ne gaɓar rafi mai tsawon kilomita ɗaya ko biyu, misali a Marwa: wani lungu na Mayo Kaliyawo da ake zubar da shara, ko gefen Mayo Tsanaga da ruwa ke cinye lambunan albasa duk damina.

Da an tsayar da wurin, sai a hau sama a ga inda ruwan ke fitowa. Magudanar kogi ta haɗa duk ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikinsa, don haka ɓarnar da ake gani a gari sau da yawa daga gangaren duwatsun Mandara ta taso, inda aka sare itace ƙasa ta zama tsirara.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ke raba takardar da za a karanta da wadda za a ajiye gefe: awo. Ba sai da na'ura mai tsada ba. A kafa turaku na ƙarfe a nesa da bakin gaɓa, a auna tazarar kowanne zuwa bakin a watan Mayu, a sake aunawa a Oktoba. Abin da ya ragu shi ne ƙasar da ruwa ya kwashe. A ɗebi ruwan rafi a kwalba bayan kowane babban ruwan sama, a bar shi ya kwana, a auna kaurin lakar da ta kwanta da rula. A ɗauki hoto daga wuri ɗaya duk wata, da kwanan wata a jiki. Littafi ɗaya, mutum ɗaya ke rubutawa. A kuma zauna da dattawan unguwa, masunta da makiyaya. Su ne za su nuna inda gaɓar take kafin ambaliyar 2012. Irin wannan sanin na mutanen wuri ba abin rainawa ba ne. Bayan an gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, fadamar Logon ta daina samun ambaliyar da ta saba, kifi da ciyawa suka ja baya, sai a 1994 aka fara sake sakin ruwa cikinta. Waɗanda ke rayuwa a wurin ne suka fara ji a jikinsu.

Daga nan sai takardu. A Kamaru, dokar ranar 19 ga Disamba 1990 ta ce a kai sanarwar kafa ƙungiya ofishin ferefe, wato wakilin gwamnati na yanki, a karɓi takardar shaida. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu. Sannan a je gaida sarakunan gargajiya, jauro ko lawan, har lamiɗo in ta kama, a nemi amincewarsu a rubuce. Gaɓar kogi ba ta rasa mai ita, kuma dashen itace a ƙasar wani yakan zama rigimar gona.

Wa za a nema? Shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda aka fara a 1992, yana aiki a Kamaru ta ofishin UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyoyin al'umma yake ba, ba mutum ɗaya ba, kuma a da iyakarsa dala 50,000 ta Amurka ce. Kwamitin cikin ƙasa ne ke tantancewa. Ɗalibi mai bincike kuwa, a Jami'ar Marwa ko Makarantar Namun Daji ta Garwa, ya duba gidauniyar Rufford ta Ingila, wadda ke so a rubuta da Turanci tare da shaidar malamai. Sabuwar ƙungiya kada ta nemi iyakar kuɗin. Abin da za ta iya kashewa ta kawo rasit, shi za ta nema.

A cikin takardar, a faɗi matsalar da alkaluman da aka auna, a faɗi aikin: layin duwatsu a gangare, jema da gamba a gaɓa don riƙe ƙasa, bagaruwa a bayansu. Kasafi ya zama da sefa, a sa farashin waya ko ƙaya na shinge, don awaki ba sa jiran dashe ya girma, da ladan mai ban ruwa a rani.

Ɓangaren ilimantarwa kada ya tsaya ga taro ɗaya da riguna masu tambari. A ba wata firamare ta kusa ma'aunin ruwan sama, yara su riƙa rubutawa kowace safiya. A nemi limamai su taɓo batun shara a huɗuba, a yi shiri a rediyon gari da Fulatanci da Hausa.

Sai lura da kalanda. Damina a nan daga Yuni zuwa Satumba take, amsa kuma takan ɗauki watanni. Kuɗin da ya iso a Oktoba ba na dashe ba ne, sai dai a yi renon iri da tara duwatsu a jira shekara mai zuwa. A tsara aikin a kan wata 18 ko 24 don ya haɗa damina biyu, a kuma ware kason ƙarshe na rahoto, domin galibi kashi-kashi ake biya, kuma na biyu ba ya fitowa sai an ga lissafin na farko.